Bishiyar lemata tana zubar da 'ya'ya, waɗanda suka nuna kuma iska na kife su

Ɗan Jarwal (Makka)

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san noman bishiyar lema.

Bishiyar tana wata 'yar gona a Wadi Nu'uman, kan hanyar da ke haurawa Hada. Dashe ce, ba daga ƙwaya ta tashi ba, shekararta biyar, irin nan ce mai baƙin yadi da lanƙwasasshen mariƙi. Tsofaffin ganyenta sun yi duhu sosai, sai dai sabon tohon da ke sama ya yi ɗorawa-ɗorawa. Damuwata 'ya'yan ne. Kusan rabin lemomin suna kakkaɓewa tun suna naɗe. Waɗanda suka tsaya suka nuna kuwa faɗin yadinsu ya wuce misali, mutum uku za su shiga ƙarƙashin guda, amma da iska ta ɗan taso sai su juye su kalli sama. In ka ƙirga haƙarƙarin wasu sai ka tarar da bakwai, wasu shida, maimakon takwas. Ga bakin yadin yana ƙonewa yana marmashewa.

Abin da ake ba ta: yuriya gwangwanin madara biyu duk mako biyu, da ruwan rijiya. In injin rijiyar ya tsaya takan ɗan jima ba ruwa, sai a kira wayit, wato motar tankar ruwa, a malala mata a rama.

So nake kakarta ta riski aikin Hajji, don a lokacin ne lema ke da daraja. Me zan gyara?

Baba Mai Rumman (Ɗa'ifa)

Wa alaikumus salam ɗana. Ka kawo ƙarar bishiya, amma bayanin da ka yi da bakinka ya nuna mai laifin shi ne mai riƙe da gwangwanin madara.

Mu fara da yuriyar. Kashi 46 cikin 100 nata naitirojin ne, aikin naitirojin kuwa a kowace shuka shi ne ganye da tsawo. A bishiyar lema yadi ɗan'uwan ganye ne, abin da ya ciyar da wannan shi ke ciyar da wancan. Ka yi ta ɗura mata, ita kuma ta zuba ƙarfinta duka a yadi ta bar haƙarƙari a rame. Lemar da haƙarƙarinta inci 23 ne ka sa ta ɗauki yadin da ya dace da inci 30, ina za ta iya da iskar da ke gangarowa daga dutsen Kara da la'asar? Ka tsayar da yuriya daga yau har a gama kaka. Baɗi sau uku kawai za ta gan ta, giram 150 kowane zubi, na ƙarshe kuma kafin fure ya fito.

Na biyu, kuma shi ne babba, ƙarfe. Haƙarƙarin lema ƙarfe ne, daga ƙasa bishiya ke jawo shi. To ƙasarmu ta nan mai alli ce, ma'aunin pH nata, wato awon tsami ko kanwar ƙasa, yakan kai 8 ko kusa da haka, kuma a irin wannan ƙasa ƙarfen yana nan amma a kulle yake, saiwa ba ta iya ɗauka. Ka je ka dubi tohon da ka ce ya yi ɗorawa. In jijiyoyin ganyen kore ne, tsakaninsu ne ya koɗe, to yunwar ƙarfe ce ba tantama. Da tsofaffin ganyen ƙasa ne suka fara koɗewa, da wata yunwar ce daban.

Akwai masu binne tsofaffin ƙusoshi da gwangwanaye a gindin bishiya. Ɓata lokaci ne, iyakar abin da za su samu lema mai tsatsa tun tana reshe. Shi ma koren garin nan mai araha, salfet na ƙarfe, da ka zuba shi alli zai kama shi ya kulle. Ka shiga shagon kayan noma ka ce a ba ka hadid, wato takin ƙarfe, mai rubutun EDDHA, kashi 6 cikin 100, wani jan gari ne mai duhu. Shi ne ke jure ƙasa irin tamu. Ka auna giram 80 ka narka a bokitin lita 20. Ka tona ɗan rami mai zurfin tafin hannu ka zagaye bishiyar, daidai inda inuwarta ke ƙarewa da tsakar rana, domin nan ƙananan saiwoyi masu ci suke, ba a jikin gindi ba. Ka zuba, ka mayar da ƙasa, ka bi da ruwa. Da yamma ake yi, hasken rana yana lalata shi. Kuma kada ka je da farar jallabiyarka, rininsa ba ya fita. Bayan mako shida ka ƙara rabin wannan awon. Kada zumuɗi ya sa ka ninka, don in ƙarfe ya yi yawa za ka girbi lema mai kilo biyu, wadda sai an ɗauki ɗan dako ya riƙa maka.

Sa'ad da 'ya'ya suka ƙulla, ka ba ta salfet na fotash giram 200. Shi ke ƙarfafa sifirin.

Ƙonewar bakin yadi kuwa gishiri ne. Ka sayi ɗan ma'aunin nan mai kama da biro da masu tace ruwa ke sayarwa, ka tsoma a ruwan rijiyarka. In ya haura 1,500, ka riƙa gauraya shi da ruwan wayit rabi da rabi. Sau ɗaya a wata ka yi mata ban-ruwa mai nauyi, ninki uku na yadda aka saba, don ya tura gishirin ƙasa da saiwa. Farin zoben nan da kake gani a bakin kwarin bishiya gishiri ne ya taru, ka kankare shi ka fitar waje, kada ma'aikaci ya tura shi ciki da shebur. Ga kuma abin da mutane da yawa ke kuskurewa: ranar da aka yi yayyafi, kada ka kashe injin ka ce Allah ya shayar. Yayyafi narkar da wannan gishirin yake yi ya kai shi kan saiwa. Ranar ce ma ya kamata ka sakar mata ruwa.

Sai kakkaɓewar 'ya'ya. Ƙishi yau, ambaliya gobe, babu bishiyar da ke yafe wannan. Duk mai rumman a Ɗa'ifa ya san in bishiya ta sha ƙishi sannan aka cika ta da ruwa, 'ya'yan tsagewa suke yi. Ita lema ƙananan zubewa suke, manyan kuma ɗinkinsu ke farkewa daga hula zuwa baki. Ka ja mata tiyon ɗigo, lita 70 zuwa 80 a rana lokacin zafi, rabi da asuba rabi bayan magariba. Ka ajiye tanki ko na lita 1,000 ne saboda ranar da inji zai yi gardama. Ka rufe kwarin da busasshiyar ciyawa kaurin taƙi guda, amma ka bar fili kewaye da gindin don kada ya ruɓe.

Maganar ƙarancin haƙarƙari ba ta taki ba ce. Na bar wa Usta, fagensa ne.

Usta Na-Sabil (Jidda)

Allah ya ƙara girma, Baba. Ka gama da ciki, bari in taɓa lissafi.

Ƙanena, ka fara sanin abin da ake kira cikakkiyar lema, don ka san wadda za ka kai kasuwa. Akwai sanda. A samanta akwai hula mai tsaga takwas, inda kawunan haƙarƙari ke zama, siririyar waya ta zarge su an murɗe bakinta. Akwai zobe mai hawa da sauka a jikin sanda, daga shi matokara takwas suka tashi, kowanne ya kama tsakiyar haƙarƙari guda. Akwai harshe biyu a jikin sandar, na sama mai riƙe ta a buɗe, na ƙasa mai riƙe ta a rufe. Yadi yanki takwas ne masu kusurwa uku. Sai 'yan kawunan da ke bakin haƙarƙari, da maɗauri, da mariƙi. Ka karya haƙarƙari ɗaya daga cikin waɗanda suka zube ka dubi bakinsa. Lafiyayye kwari gare shi a tsakiya, an naɗo gefensa biyu, siffar da Samuel Fox na Ingila ya fito da ita a 1852, wadda ke ba shi ƙarfi ba tare da nauyi ba. In ka ga naka a baje yake, to maganar Baba ta tabbata.

Yanzu ga dalilin bakwai da shida. Furen lema ɗaki takwas gare shi, kowane ɗaki sai garin namiji ya shiga kafin ya ba da haƙarƙari. Ɗakin da bai samu ba haka zai tashi fanko. Wato barbara ce ba ta cika ba. Bishiyar nan mace da namiji ce, tsarinta ɗaya da na dabino. Namijin ba ya haifar lema, kwagiri kawai yake zubawa, shi ya sa waɗanda ba su sani ba suke sare shi su ce ya cinye wuri, shekara ta zagayo su zo zaure suna kuka. Namiji ɗaya ya ishi mata 25. In babu a kusa, kada ka dogara da iska ko ƙudan zuma, ka yi da hannu yadda masu dabino ke yi a Madina da Ƙasim.

Ka yanko kwanson furen namiji daidai lokacin da ya fara tsagewa. Ka shanya zararsa a inuwa kwana biyu zuwa uku, ba a rana ba, kuma ba inda fanka ke kaɗawa ba. Ka ɗauki zara takwas, kada ka yi rowa ka sa biyar, ka karkaɗa su a kan furen macen sannan ka cusa su a tsakiya kai a ƙasa, ka ɗaure sako-sako da kaba. Cikin kwana ukun farko da buɗewar furen ake yi, da hantsi, bayan raɓa ta bushe. In ruwa ko guguwa ta biyo baya a ranar, ka sake.

Ka kula da namijin da za ka ɗebo. Masu dabino sun san garin namiji yana taɓa girman ɗa da lokacin nunarsa. A lema mariƙi ne ke bin uba. Namiji mai lanƙwasasshen kwagiri shi ke ba da mariƙin da za a rataya a hannu. In ka ɗebo na wanda ke zuba miƙaƙƙun sanduna, lemarka za ta fito da ƙotar tsintsiya.

Sai ragi. Nono ɗaya yakan ɗauki 'ya'ya 30. Ka cire 18 tun suna tsinke, ka fara da na tsakiya, ka bar 12 da tazarar taƙi tsakaninsu. Na san yana da ciwo, amma in ka bar su duka, ranar da za su buɗe haƙarƙarin wannan zai huda yadin wancan, ka tashi ba ko ɗaya.

Lema mataki huɗu take bi: tsinke, naɗe, rabin-baki, cikakkiya. Ta tsininta take rataye a reshe, mariƙi na kallon ƙasa. A ƙarshen rabin-baki ake tsinka. Gwajin shi ne ka tura zoben sama. Nunanniya za ta ce ƙwas sau ɗaya ta tsaya. Ɗanya za ta je rabi ta zamo ta datse maka fatar yatsa. Wadda ta wuce lokaci ba ta jiran kowa, da kanta take buɗewa, iska ta kai wa maƙwabci, shi kuma ya ce rabonsa ne. Da asuba ake girbi, lokacin da masu wardi a Hada da Shafa suke tsinkar nasu, kafin rana ta sa yadin ya saki. Da almakashi, ka bar yatsa biyu sama da tsinin. Kada ka fizga.

Masu haƙarƙari shidan da ke hannunka ba asara ba ne, ƙananan lemomin jaka da yawa shida gare su, sai ka sayar a haka. Mai bakwai ce matsala. Za ka iya warware wayar hula ka ƙara mata ɗaya, amma yadin yanki bakwai ne, ba zai zauna ba. Ka kafa su a kan sabon dashen tumatir su yi masa inuwa.

Hajiya Ta-Hindawiyya (Makka)

Sannunku da ƙoƙari. Ni dai Ɗan Jarwal, ƙarshen tambayarka ce ta tsaya mini, domin nan kuɗin yake, kuma nan lissafinka ya karkace.

Bishiya rana take bi, Hajji wata yake bi. Irin taka tana fure a Fabrairu, tana ɗaukar kwana 150 kafin ta nuna, wato Yuli. Shekarar wata kuwa kwana 354 ce, tana gaza ta rana da kwana 10 zuwa 11. Ka duba: an tsaya Arfa ranar 15 ga Yuni a 2024, a 2025 kuma 5 ga Yuni. Kowace shekara Hajji ƙara matsowa baya yake yi yana nisa da kakarka, kuma sai ya yi wajen shekara 33 kafin ya zagayo inda ya baro. Ko buhu nawa na taki ka zuba, bishiya ba za ta koyi duban wata ba.

Hanya biyu ce. Ko ka nemi fili a ƙasa mai ɗumi ta Tihama, wajen Jazan, inda komai ke riga nuna, ka ga mangwaronsu ma tun bazara yake shigowa kasuwar Ka'akiyya. Ko kuma ka adana amfanin bana ka sayar baɗi, wanda shi ne mai sauƙi in ka iya ajiya. Ka buɗe kowace ka shanya a inuwa yini biyu har danshin reshe ya fita. In ka naɗe ta da danshi, yadi zai yi fumfuna, matokara su yi tsatsa, tsatsar kuma ta bi ta zana layi takwas a jikin yadin. Ɗigon man keken ɗinki guda a kan zobe, guda a kan kowane harshe, ba man girki ba, shi danƙo yake yi ya tara ƙura. Ka naɗe yankunan yadin ɗaya bayan ɗaya ta gefe guda, ka ɗaure, ka rataye su a tsaye. Kada a jibge su a kwance a ɗora kaya. Kada kuma a bar su a bayan mota a zafin Makka, mariƙin roba laushi yake yi ya zare.

Sannan launi. Baƙar lema ka shuka, alhaji kuwa fara yake nema. Baƙin yadi yana tare haske da kyau, amma zafi yake sha ya riƙa huro maka a ka. Wadda ta fi duka ita ce mai ruwan azurfa a waje, baƙi a ciki: wajen ya mayar da rana, cikin ya shanye hasken da ke tasowa daga kwalta. Wannan sai ta hanyar aure ake samunta. Kafin nan, in ka sa wa nono jakar takarda tun yana naɗe, zai fito da ruwan toka mai haske. Takarda fa, ba leda ba, leda dafa shi za ta yi.

Nauyi ma abin dubawa ne. Mai tafiya daga tantinsa a Mina zuwa wurin jifa ya dawo ba zai ɗauki abin da ya wuce giram 400 ba. Kuma a goge tsini da kawunan haƙarƙari su dakushe, domin cikin cunkoso idon mutane yana daidai bakin lemar wani.

Amma in gaya maka gaskiya, ɗana, kasuwar Hajji ba ta ƙaramin manomi ba ce. Kwantena-kwantena ake saukewa a tashar Jidda daga Sin, akwai garuruwa can irin su Songxia da sana'arsu ke nan. Ga shagunan kayan araha da ake kira abu riyalaini. Ga kamfanoni da masu neman lada suna raba ta kyauta da tambarinsu a jiki. Wa zai sayi taka alhali ana miƙa masa wata a hanya? Ballantana kasa kaya ba izini, baladiyya, wato hukumar gari, ta zo ta kwashe har da tabarmar. Masu sayenka na gaskiya suna cikin gari shekara duka: masu wankin mota, masu gadi, masu jiran yara a ƙofar makaranta da azahar. Waɗannan faɗi suke so, don haka ma manyan nan naka in haƙarƙarinsu ya yi ƙwari sun sami gida. Kakar Yuli kuma ta dace da masu hawa Abha da Baha da Ɗa'ifa hutun zafi, inda ruwa ke sauka da rana tsaka mutane su rasa mafaka. Ka ajiye irin mai jure ruwa ma, don wata rana Hajji zai koma sanyi. A 2009 ranar 25 ga Nuwamba aka fara shi, ranar da ruwa ya yi ɓarna a Jidda, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Sabuwar Zuwa (Riyad)

Don Allah ku tsaya. Wai da gaske kuke ko wasa? Na karanta har ƙarshe ina neman inda wani zai yi dariya ban gani ba. Kuma manyan lemomin nan na harabar Masallacin Annabi (SAW), su ma shuka su aka yi?

Malam Na-Ƙuba (Madina)

Marhaba da 'yar'uwa. Bishiyar lema a wannan zaure kaɗai take tsirowa, kada ki je mashtal, inda ake sayar da dashe, ki tambaya a yi miki kallon mai zazzaɓi. Amma maganar Baba kan ƙarfe da gishiri da yayyafi ki riƙe ta, in kina da lemun tsami ko gwaiba a tsakar gida haka abin yake, awon ne kawai zai bi girman bishiya.

Na harabar Masallaci kuwa aikin injiniyoyi ne, babu wasa a ciki. Guda 250 ne, an kammala su a 2010, kowace tana rufe wajen mita 25 da rabi tsawo da faɗi, gaba ɗaya suna inuwantar da fili mai murabba'in mita 143,000. Kamfanin SL Rasch na Jamus ne ya tsara su. Yadinsu na PTFE ne, wanda rana ba ta cinye shi da wuri. An jera su wasu sun ɗara wasu tsawo, don in sun buɗe bakin wannan ya hau kan na wancan ba tare da sun yi karo ba, kuma ba a lokaci ɗaya maƙwabta biyu ke buɗewa ba. Usta, ka ga ashe ragin da kake koyarwa su ma can sun yi lissafinsa. Kafin waɗannan akwai guda 12 a filaye biyu na cikin Masallacin tun shekarun 1990.

In kuma itacen gaske kike nema mai aikin lema, ki dubi darbejiyar da aka dasa a filin Arfa. Ita ba ta kifewa, ba a kuma mantawa da ita a cikin bas.

Mai Gadin Hada (Hada)

Baba, a gafarce ni, akwai inda zan ɗan saɓa. Ko haƙarƙari ya ƙoshi da ƙarfe, bishiyar da ke bakin kwari ba kariya sai iska ta kife 'ya'yanta. Lema daga sama take da ƙarfi, daga ƙasa ba ta da shi, iskar Wadi Nu'uman kuwa ta ƙarƙashi take shiga. Sai an yi mata shinge ta gefen da iskar ke fitowa. Kada a gina katanga, iska tsallake ta take yi ta faɗo da ƙarfi a baya. Layin itatuwa ake so wanda zai tace ta, kuma yana kare fili har ninki goma na tsawonsa. Darbejiya ko asal sun yi. Bazarumiya tana saurin tashi, amma saiwarta bin bututun ruwa take yi, in ka dasa ta kusa da tanki ka haɗa kanka da mai gyaran famfo. A bar mita 8 tsakanin shingen da bishiyar.

Na biyu, birai. Duk mai bin hanyar Hada ya san gwaggon biri, kuma masu tsayawa suna jefa musu abinci, duk da hukuma ta hana, su suka sa ba sa tsoron mutum. Ba cin lema suke yi ba. Babban namijin ne zai tsinki guda ya buɗe ya zauna a ƙarƙashi, sauran garken kuma kowa sai ya yi tasa. Mutum-mutumi ba ya korarsu, kwana biyu za ka tarar sun ba shi lema shi ma. Raga ake sawa, ta waya mai ido ƙanana, a rufe har sama, a binne bakinta taƙi biyu a ƙasa. Kada a bar shara ko ragowar abinci a gonar.

Na uku, jan ƙwaron dabino, wanda a ƙasar nan aka fara ganinsa a Ƙaɗif a 1987. Ta rauni yake shiga, don haka duk inda ka yanka ka shafe shi da magani nan take, kada ka bari sai gobe. A bishiyar lema mariƙin katako yake bi. Alamarsa gari-gari a gindi da wani wari, in ka kara kunne a jikin itacen za ka ji ana ɓarza. Kada ka karɓi dashe daga wani yanki don an ce kyauta ne.

Raƙumi da akuya kuwa yadin suke ci su bar maka ƙarafa a rataye.

Ɗan Jarwal (Makka)

Na gode iyayena da yayyena, Allah ya saka da alheri. An ɓoye gwangwanin. Tambaya ɗaya ta rage: auren da Hajiya ta ambata, yaya ake yinsa? Kuma tunda za a yi, zan iya ɗora irin nan mai maɓalli, mai buɗe kanta?

Baba Mai Rumman (Ɗa'ifa)

Mai Gadi ya yi gaskiya kan shinge, na karɓa.

Aure na ido za ka yi, a ƙarshen Fabrairu ko a Oktoba, lokacin da ɓawo ke saɓulewa da sauƙi. Cikin zafi idon bushewa yake kafin ya kama. Ka samo reshe mai kaurin fensir daga uwa mai ruwan azurfa, wadda ka ga 'ya'yanta da idonka, ka cire ganyen ka bar guntun hannunsa. Ka naɗe shi a jiƙaƙƙen tsumma, a yi aikin a ranar. A reshen bishiyarka ka tsaga ɓawo a tsaye tsawon gaɓar yatsa biyu, ka gitta wata tsagar a samanta, ka ɗaga leɓɓan da bayan wuƙa. Ka feƙe ido ɗaya da ɗan ɓawonsa, kada yatsa ya taɓa cikinsa, ka zura shi daga sama, ka naɗe da leda daga ƙasa zuwa sama ka bar idon a waje. Ta gefen da rana ba ta duka ake yi. Bayan mako uku ka taɓa guntun hannun ganyen: in ya faɗi da kansa idon kuma kore ne, ya kama. Sai ka kwance ledar, ka yanke reshen yatsa huɗu sama da wurin. Duk tohon da ya fito ƙasa da auren ka murje shi, in ba haka ba baƙar za ta rinjaye ka koma gidan jiya. Rassa uku za ka aura bana, sauran baɗi, don kada ka rasa kaka gaba ɗaya.

Mai maɓalli tana kamawa, amma ban so maka ita yanzu ba. Sifirin ɗinta dogo ne a cikin sanda, fotash ɗin da take ci ninki biyu ne, kuma a ƙasa mai gishiri maɓallin cijewa yake yi. In ka nace, reshe ɗaya kawai, wanda ba ya kallon taga ko inda ake ajiye mota, mita 6 daga kowane bango. Mai girbinta ya tsaya a gefe, kada ya leƙa ta ƙasa, kuma yaro kada ya hau. A bi su ɗaya-ɗaya a ɗaure maɗaurinsu tun suna shiga rabin-baki, domin wadda aka manta ita ke tashi da ƙarfe biyun dare, maƙwabta su fito suna tambayar tayar wa ta fashe.